Haƙarƙarin roba yana ɓarewa daga faifan PP mai zaren gilashi

Assalamu alaikum. A Sakkwato muke, muna gwada yin ƙasan kujerar babur. Faifan robar PP (nau'in robar da ake kira polypropylene) ne mai zaren gilashi, mu sa shi a mazubi, inji ya harba narkakkiyar PP a kansa ta fitar da haƙarƙari, wato layukan roba masu tudu da ke ƙara wa faifan ƙarfi.

Matsalar ita ce haƙarƙarin ba ya kamawa. Wanda ke kusa da bakin da roba ke shigowa yana riƙewa sosai, in ka fizge shi har zare yake tahowa da shi. Na nesa kuwa da sukundireba kaɗai yake ɓarewa, wurin ya fito sumul yana sheƙi, alamar faifan bai narke ba sam.

Na goge da sifirit, na kankare da samfefa, na kai zafin robar digiri 250, babu canji. Na gasa faifan ya haura digiri 165, inda PP ke narkewa, amma kafin a ɗauko shi daga tanda a rufe mazubi iskar hunturu ta huce shi. Da na ƙara wuta sai ya lanƙwashe, zaren ya karkace.

Masana, digiri nawa ya kamata fuskar faifan ta kasance a daidai lokacin da robar ke taɓa ta? Na gode.