Neman shawara: ta ina zan shiga kiɗan jaz da rubutaccen kiɗan Turawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni makaɗin fiyano ne a wani situdiyo a Kano, ina haɗa wa mawaƙa kiɗa. Damuwata ita ce hannuna ya saba da hanya ɗaya, kod ɗin (sautukan da ake bugawa tare) da na sa a waƙar biki shi zan sa a ta siyasa. Wani abokina ya ce in riƙa sauraron manyan masu tsara kiɗa na ƙarni na 20, ya turo mini Schoenberg. Wallahi ban gane komai ba, ban ji inda kiɗan ya dosa ba. Ban iya karanta rubutun kiɗa sosai ba, da kunne nake aiki. Da wa zan fara? Kuma jaz zan bi ko rubutaccen kiɗan da manyan tawagogi ke yi?

Wani malamin kiɗa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka ya kai ka tsakiyar kogi tun ba ka jiƙa ƙafa ba. Schoenberg mutumin Ostiriya ne, kuma da gangan ya cire abin da kunnenka ke nema. A kiɗan da ka saba akwai sauti ɗaya da komai ke komawa gare shi. Shi kuwa a farkon shekarun 1920 ya shimfiɗa ƙa'ida: sautuka 12 da ke kan fiyano, farare 7 da baƙaƙe 5, a jera su a layi, a bi layin, kada a fifita wani a kan wani. Shi ya sa ka rasa masauki. Ajiye shi tukuna.

Tunda da kunne kake aiki, kuma kunnen nan da kalangu ya tashi, ka shiga ta ƙofar bugu. Nemi The Rite of Spring na Stravinsky, ɗan Rasha. Ranar 29 ga Mayu 1913 aka fara yin sa a Paris, 'yan kallo suka yi ta ihu da hayaniya a zauren. Akwai wurin da masu gogen Turawa ke ta maimaita kod guda ɗaya, ba ya sauyawa, sai dai nauyin bugun yana faɗowa inda ba ka zata ba. Darasinka na farko ke nan: ba sai ka ƙara kod ba kafin kiɗa ya motsa.

Daga nan ka wuce wurin Bartók na ƙasar Hungari. Shi yawo ya yi ƙauye-ƙauye da na'urar ɗaukar murya yana tattara waƙoƙin manoma, a 1913 ma har Biskra ya je a Aljeriya. Abin da ya ji a bakin talakawa shi ya gina salonsa a kai. Yana da jerin darussan fiyano mai suna Mikrokosmos, guda 153 a littafi 6, daga na ɗan koyo har na gwani. Da shi za ka koyi karatun kiɗan da kake gudu, don gudun nan ba zai kai ka ko'ina ba.

Wani mai busa saksafon:

Malam, a gafarce ni, amma ni ban yarda ya fara da Stravinsky ba. Mutumin da gobe mawaƙi zai zo masa da baiti yana jiran kiɗa, me zai yi da tawagar mutum kusan ɗari? Jaz ya fi kusa da aikinsa.

Ɗan'uwa, ka samo faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, ka kunna So What. Kafin wannan lokacin 'yan bibob (salon jaz mai sauri), su Charlie Parker, kod ne ke gudu a ƙarƙashinsu, kowane 'yan bugu sai ya sauya. Miles ya rage kayan. Kiɗan yana zaune a kan jerin sauti ɗaya, ya ɗaga rabin taki (wato zuwa madanni na kusa) na ɗan lokaci, ya dawo. Jerin farko kuma fararen madannai ne zalla, ka fara daga D ka ƙare a D. Yau da daddare za ka iya zama ka bi su da hannunka. Ka kasa kunne ga yadda mai fiyano Bill Evans ke ɗora yatsunsa, yana barin tazara tsakanin sautuka, ba ya cunkusa su.

In ka gaji da taushi, ka koma Thelonious Monk. Yakan buga madannai biyu maƙwabta tare, ka ɗauka yatsansa ne ya zame, alhali haka ya so. Kuma yana yin shiru a inda kowa zai cika. Mu nan kiɗanmu na situdiyo ba ya numfashi, wannan kam gaskiya ce ko da ɗaci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. To amma jaz ɗin ba kowa na busa abin da ya zo masa ba ne? Ina tsarin yake?

Malamin kiɗa:

A'a, kuma Duke Ellington ne amsarka. Ya kai shekara hamsin yana jagorantar tawaga, ya rasu a 1974. Ba ya rubuta wa kayan busa kiɗa haka kawai, mutumin da ke riƙe da kayan yake rubuta wa. Ya san muryar saksafon ɗin Johnny Hodges, ya san ta Cootie Williams mai begila, har a 1940 ya yi masa kiɗa na kansa, Concerto for Cootie. Kamar dai uban kiɗi a fada da ya san wane ɗan amshi ne ke iya ɗaga murya, wane ne ke riƙe ƙasa. Faifan wancan zamanin minti uku da ɗoriya yake ɗauka a gefe ɗaya, a cikinsu yake shigar da komai. Kai ma ka daina yi wa mawaƙa goma kiɗa ɗaya, ka saurari inda muryar kowa ta fi zaƙi ka gina a wurin.

Kuma rabon da kake yi tsakanin ɓangarorin biyu, makaɗan su kansu ba su tsaya a kansa ba. Milhaud na Faransa ya ji jaz a unguwar Harlem ta New York a 1922, shekara mai zuwa ya fito da La création du monde, daga baya kuma shi ya koyar da ɗan jaz Dave Brubeck. Gershwin na Amurka ya yi Rhapsody in Blue, mai haɗa salon biyu, a 1924. Stravinsky ɗin nan ya rubuta wa tawagar jaz ta Woody Herman Ebony Concerto a 1945.

Wata 'yar'uwa daga Zariya:

Ni ba makaɗiya ba ce, mai sauraro ce kawai, amma na ga ba wanda ya ambaci Yusef Lateef. Ba'amurke ne Musulmi, gwanin saksafon da sarewa, kuma daga 1981 zuwa 1985 yana nan Jami'ar Ahmadu Bello yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, har sarewar Fulani ya yi nazari. Mutum ya baro Amurka ya zo koyon abin da ke bayan gidanmu. Yayana, ka saurare shi, sannan ka nemi African Suite na Fela Sowande, ka ji yadda ɗan Nijeriya ya ɗora waƙoƙin Afirka ta Yamma a kan gogen Turawa.

Mai busa saksafon:

Hajiya ta tuna mini da Steve Reich. A 1970 ya je Gana koyon gangunan ƙabilar Ewe, ya koma Amurka ya rubuta Drumming. Amma wanda nake so ka gwada shi ne Clapping Music na 1972, tafi ne kawai na mutum biyu. Zubi ɗaya ne mai gurbi 12. Ɗaya ya riƙe shi ba sauyi, ɗayan ya riƙa gocewa da gurbi guda bayan an maimaita, har su sake haɗuwa. Ka kama yaron situdiyonku ku yi. In kun iya, ka ɗauki zubin ka raba wa ganga da fiyano a kwamfuta, ka turo mana mu ji. Schoenberg kuma in ka koma masa, ka fara da Verklärte Nacht na 1899, lokacin bai bar tsohuwar hanya ba.