Adashi ko buhun masara? Masu gogewa ku ba ni shawara

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, albashina 45,000, ko 70,000 ɗin da aka ce shi ne mafi ƙarancin albashi ban kai ba. Na matse zan iya ware 10,000 duk wata, kuma haya za ta zo nan da wata goma. Malaman makarantarmu sun buɗe adashin mutum goma, amma ni ne kwasar ƙarshe. In shiga, ko in riƙa sayen masara ina ajiyewa?

Ɗan Kurna: Sayi tunkiya kawai, Malam.

Abu Sadik: Ɗaki ɗaya nake haya, a ina zan ɗaure ta?

Maman Khalifa: Kwasar ƙarshe? Ɗan'uwa, ka rufa wa kanka asiri. Ni na yi zubin 5,000 duk mako, uwar adashin maƙwabciyata ce, tare muke zuwa Islamiyya. Da kwasata ta zo sai ta ce biyu ba su zuba ba, in yi haƙuri. Mako ya zagayo, wayarta a kashe. Na je gidan na tarar da kwaɗo, har labulen ƙofa ta cire. Jarin awarata ke nan ya tafi. Mai unguwa ya ce ina takarda? Wace takarda, amana ce muka yi!

Baffa Mai Hatsi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Malam, shigo Dawanau da kaka, buhun masara 35,000 za ka samu.

Ɗan Kurna: Baffa, wace shekarar kake magana? Ƙanina 48,000 ya saya.

Baffa Mai Hatsi: To an cuce shi. Kuma kai da ba ka san kuɗin harawa ba kake ba da shawarar kiwo?

Ummu Hanan: Ku faɗa masa gaskiya dai. Waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran tsada, farashi ya faɗo sun tafka asara. Ga ƙwari, in ba buhu mai leda ka samu ba.

Baffa Mai Hatsi: Shekara nawa kika yi a kasuwa?

Sarkin Zolaya: Ni asusun ƙasa na saya. Ranar 20 ga wata na ga kaina da tsinken tsintsiya ina zaro ɗari biyar.

Maman Khalifa: Ban gama ba, ashe mu bakwai ta yi wa haka.

Ummu Hanan: Ni abin da ke cinye ni ba adashi ba ne, anko ne. Wata ɗaya biki uku, kowa da atamfarsa, ga gudummawa. Ka ƙi yi a ce ba ka da zumunci.

Ɗan Kurna: Wallahi! Albashi na shiga, kamar an yi shela a dangi.

Abu Sadik: Jama'a, masarar ko adashin?

Ummu Hanan: Kuma ankon nan sau ɗaya ake sa shi fa.