Wayar da kai kan ambaliya haɗe da zaga gari, zai yiwu kuwa?

ɗan_Tarauni:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mu wasu matasa ne, yawanci ɗalibai da waɗanda suka gama bautar ƙasa, muna da ɗan gurup a WhatsApp. Ganin damina ta kankama kuma kowa ya san yadda Kano take zama in aka sheƙa ruwa na awa biyu, shi ne muka ce mu shiga unguwannin cikin badala mu yi wa mutane magana kan zuba shara a kwata da abin da mutum zai yi in ruwa ya shigo masa gida cikin dare. To akwai abokanmu da za su zo daga Dutse da Zariya, wasunsu ko Dala ba su taɓa hawa ba, sai muka ce a haɗa da zaga gari. Ta ina za mu fara? Sai mun nemi izini ne ko kawai mu sa riguna iri ɗaya mu shiga lungu?

tsohon_ɗan_agaji:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi albarka. Amma kar ku kuskura ku shiga lungu haka kawai, wallahi za a ɗauka 'yan siyasa ne ko masu rabon tallafi, kafin ku buɗe baki an fara tambayarku ina fom ɗin. Ku fara da mai unguwa, shi zai kai ku wajen dagaci in akwai buƙata, kuma ku roƙi liman ya sanar bayan sallar magariba kwana ɗaya kafin ku zo. Ku rubuta takarda ku kai ofishin SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ku leƙa wajen Red Cross ma ko za su haɗa ku da wanda ya iya taimakon gaggawa, don bai kamata ku koyar da abin da ku kanku a Facebook kuka gani ba.

Abin da ke kashe mutane a cikin birni ba irin na Maiduguri ba ne da dam ɗin Alau ya ɓalle a 2024. Namu gidan ƙasa ne. Ruwa ya kwana uku yana jiƙa katanga, indararo ya toshe da leda da ciyawa, ruwa ya kwanta a saman soro, azara ta jiƙe, sai cikin dare ɗaki ya rufta kan mutane suna barci. Don haka ku nuna musu alamu, in gindin katanga ya yi duhu yana marmashewa, ko tsaga ta fito daga kusurwa, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, a fitar da yara daga ɗakin. Sai kududdufai, da can su ke shanye ruwan unguwa, yanzu an cike da yawa da shara an yi gini a kai, waɗanda suka rage kuma yara ke zuwa wanka su nutse.

yar_Mandawari:
Ni tambayata ɗaya, akwai mata a cikinku? In babu to kun yi rabin aiki ne, don maza iyakarku zaure, kuma wadda ke zubar da ruwan wanke-wanke da aika yaro da shara tana ciki. Ku nemi 'yan mata masu hankali su shiga gida-gida, ko mafi sauƙi ku je islamiyyar matan aure, a zama ɗaya kun samu unguwar gaba ɗaya. Kuma kar ku zo da sassafe lokacin da ake fama da kalaci da shirya 'yan makaranta, babu mai sauraronku.

Ku yi musu maganar amai da gudawa, shi ne ke biyo bayan ruwan, saboda shadda na cika ta haɗe da rijiya. A tafasa ruwan sha, a koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba a cika cokalin ya yi tozo, kuma a garzaya asibiti ba a zauna ana jiƙe-jiƙe ba. Takardun makaranta da na gida da katin asibiti a ƙulle a leda a rataye sama. In ruwa ya shigo a fara kashe wuta daga mita kafin kowa ya taka.

Baban_gida_Fagge:
Ku yi haƙuri ni dai zan faɗi gaskiya, taura biyu ba ta taunuwa. Irin wannan fita mun sha gani, a buga riga, a riƙe bana, a yi hoto a bakin kwalbati, ƙarfe goma sha ɗaya an gudu yawo. Waye a Kano bai san shara na toshe kwata ba? Matar da kuke cewa kar ta zuba a lambatu, ina za ta kai, bola ta cika mota ba ta zo ba? Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya lalata atamfofi da shaddoji, ai ba rashin wayar da kai ba ne, gini aka yi ta yi kan hanyar ruwa. In da gaske kuke ku zo da shebur da manjagara da baro ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, ku yashe kwata ɗaya tun daga farkonta har inda ta faɗa babba, kuma ku yi magana da REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, tun kafin ranar su kwashe sharar da kuka yaso, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da ita inda kuka ɗebo.

mai_zaga_gari:
Baba maganarka gaskiya ce amma yawon ma yana da amfani in an tsara shi. Ni da ni ne, Dala zan fara kai su tun da safe kafin rana ta yi zafi, ba don labarin Barbushe da Tsumburbura kaɗai ba, daga sama za su ga yadda gidaje suka cushe, ga Goron Dutse can, su gane inda gari ya gangara da inda ruwa zai bi ya faɗa Jakara. Wanda ya ga wannan ko maganarsa a lungu za ta bambanta.

Washegari bayan aiki sai gidan tarihi na Gidan Makama, yana nan daf da gidan sarki, daga nan ku gangara Kurmi, kasuwar tun zamanin Muhammadu Rumfa take. Marinar Ƙofar Mata kuma ku ba ta lokaci, ana cewa tun 1498 ake rini a wurin, za ku tarar da dattijo zaune bakin rami hannunsa ya rine har gwiwa yana tsoma zane yana ɗagowa, zanen ya fito kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabanka, ga 'yan bugu a gefe. Ku tambaya kafin ku ɗauki hoto, ku ɗan sayi wani abu. Dam ɗin Tiga ku bar shi, nisa ne kuma kuɗin mota zai cinye na shebur. Juma'a ma kar ku sa, wajen masallacin cikin gari ba ya shiguwa.

ɗan_Tarauni:
Na gode ƙwarai. Anti akwai mata amma kaɗan ne, za mu ƙaro. Baba mun ji, Asabar ɗin tsaftar za mu ɗauka. Wa ya san inda ake ba da hayar baro da takalmin roba a wajen Gwale ko Dala, kuma safar hannu ta roba ta isa ko sai mai kauri?