Neman shawara: manhaja ɗaya, halinta a HTTPS daban, a FTP daban

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. A shagon yayana nake a Farm Centre, gyaran waya da filashin muke yi. Shi ya jawo ni tun da na gama difloma aiki ya ƙi samuwa, kuma ni na lallaɓa shi ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo da alƙawarin zan rage mana wahala. Matarsa ma ba ta so ba, ta ce kuɗin haya na gabansu. To na rubuta 'yar manhaja da Python, tana sauke mana fayilolin filashin cikin dare lokacin da data ke da araha, da urlretrieve na urllib, wato umarnin sauke fayil da ke zuwa tare da Python. Waɗanda ke zuwa ta HTTPS, hanyar da shafukan intanet ke bi, lafiya lau: tana nuna kashi nawa ya sauka, in fayil babu ta rubuta 404 ta wuce na gaba, in ya yanke a hanya ta yi kuka. Amma akwai wanda muke karɓar wasu fayilolin a wurinsa, shi ta FTP yake bayarwa, wata tsohuwar hanyar tura fayil. Nan ne kashin ke nuna shirme, in fayil babu manhajar ta mutu gaba ɗaya, wani lokacin kuma ta ce ta gama alhali rabi ne ya sauka. Shekaranjiya kwastoma ya zauna tun safe, zip ya ƙi buɗewa, Yaya ya yi min faɗa a gaban yaran shago. Ba layi ɗaya na rubuta wa duka biyun ba? Me ya sa?

Malam Injiniya: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai da kanka ka faɗi cutar: FTP. Dokokinsa da ake aiki da su tun 1985 aka rubuta su. Chrome ya cire shi a siga ta 88, Firefox a ta 90, duk a 2021. Ka jefar da urllib ka koma requests, wani kayan aikin Python na ɗauko abu daga intanet, magana ta ƙare. Fayil ɗin da ya lalace kuma yanayin ASCII ne, wato an ɗauko shi kamar rubutu zalla, na sha gani.

'Yar Zoo Road: Malam, da girmanka, requests ba ya jin FTP ko kaɗan, InvalidSchema zai jefo masa. Kuma urllib a yanayin binary yake ɗauko fayil, wato yadda yake ba tare da canza komai ba, ba ASCII ba ne. Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, abin da nake zato: a HTTP sabar, wato kwamfutar da ke ba da fayil, tana turo Content-Length, wato girman fayil ɗin, da shi urlretrieve ke gane fayil bai cika ba ya jefo ContentTooShortError. A FTP kuwa sai in sabar ta ambaci yawan bayit a amsarta mai lamba 150, wadda take bayarwa in za ta fara turo fayil. In ba ta ambata ba, girman ya zama -1, shi ya sa lissafin kashinka ya haukace, kuma ba abin da za a auna guntun da shi. Mutuwar kuma, ina kyautata zaton HTTPError kaɗai, wato kuskuren ɓangaren HTTP, ka tanadar wa manhajar yadda za ta yi da shi. FTP 550 yake cewa in fayil babu, ya fito a matsayin URLError. Ka turo lambar mu gani. Wace sigar Python ce?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Na gode Anti. Amma ni ban ga laifin lambata ba, tunda tana aiki a HTTPS. In abu ya ce yana karɓar adireshi iri-iri ai kamata ya yi ya yi hali ɗaya. Kwamfutar tana shago, ni ina gida.

Baban Khalifa: Kai dai ka gode wa Allah yayanka ne. Ni wani kamfani na yi wa irin wannan aikin, har yau cikon kuɗina bai fito ba, in na kira sai a ce oga ya yi tafiya. A garin nan ba a ɗauki aikin kwamfuta a bakin komai ba, gani suke danne-danne kawai kake yi.

Malam Injiniya: Gaskiya ne Baban Khalifa, ni ma an sha yi min. Kai kuma Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, to ka kira curl, wata manhajar sauke fayil, daga cikin manhajar taka, ka sa -C - ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tun kafin a san Android a Kano nake wannan harkar.

Mai Sola: Ni fa ina ganin netwok ne. FTP hanya biyu yake buɗewa, ɗaya ta umarni a tashar 21, ɗaya ta fayil ɗin kansa. Fayil mai gigabayit uku a layin waya, ta umarnin tana zaune shiru har a datse ta. Ga ɗauke wuta, in MiFi ɗinku ba ya kan batir ai shi ke nan. Unguwarmu taransifoma ta ƙone tun kafin azumi, an karɓi kuɗi gida-gida, shiru kake ji.

'Yar Zoo Road: curl ɗin ma yana da nasa halin, Malam. In babu -f, zaɓin da ke sa shi ya bayyana kuskure, shafin 404 zai ajiye maka da sunan fayil ya ce ya yi nasara, a FTP kuwa ya fita da lamba 78. Ko me za ka ɗauka, ka nemi mai fayilolin ya riƙa ba ka SHA-256, wato lambar tantance cewa fayil ya cika daidai, ka gwada kafin ka taɓa wayar mutane. In zai yarda da SFTP, hanyar da ke ɓoye abin da ake turawa, ma ya fi, don FTP a fili yake tura kalmar sirri.

Malam Injiniya: Abin da na faɗa tun farko ke nan, a bar FTP.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Mutumin ba zai canza komai saboda mu ba, alfarma yake yi wa Yaya, ba zan je ina gindaya masa sharaɗi ba. Kuma ba zan rushe abin da na sha wahalar rubutawa ba saboda sabar guda. Ba wani layi ɗaya da zan ƙara kawai ya daidaita su?

'Yar Zoo Road: Ka kama URLError, zai rufe duka biyun tunda HTTPError a ƙarƙashinsa yake. Mutuwar ce kawai za ta tsaya, guntun fayil yana nan. Turo lambar.

Baban Khalifa: Wai akwai wanda ya san mai neman mai rubuta manhaja? Ko na wucin gadi ne.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Zan duba in na je shago. Amma har yanzu ina ganin matsalar daga Python take. Yau da dare zan sake sakinta haka nan, ƙila netwok ɗin ya yi kyau.