Wai ƙasashen Larabawa ba sa zama lafiya sai da shugaba mai ƙarfin hannu?

Ɗan Agadas: Jama'a ni dai ina nan kan bakana, ƙasashen Larabawan nan ba sa zama lafiya sai da shugaba mai ƙarfin hannu, zancen 'yan adawa da zanga-zanga halaka ne kawai. Ku dubi Libiya. Lokacin Gaddafi yaranmu suna tafiya Sabha da Tarabulus suyi aiki su dawo da abin kansu, asibiti kyauta karatu kyauta, ya janyo ruwa daga ƙarƙashin sahara har bakin teku, 2007 a nan Agadas yayi Mauludi kowa ya gani. Tunda aka kashe shi a Sirte 2011 me aka samu? gwamnati biyu, ɗaya a Tarabulus ɗaya wajen Janar Haftar a gabas, makamai suka watsu har Mali ta kama da wuta 2012 mu ma hayaƙin ya iso mu.

Maman Biyu: Yaya kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ban musa ba Libiya ta lalace. Amma ka tsallake abu. Kasan me ya tada Bangazi a Fabrairun 2011? kama wani lauya akayi, Fathi Terbil, mai tsaya wa iyalan mutanen da aka kashe a gidan yarin Abu Salim. 1996 ne, fursunoni wajen 1,200 aka bindige, kuma aka ɓoye wa iyalansu, iyaye mata suka yi shekaru suna kai abinci da kaya ƙofar gidan yari alhali 'ya'yan sun daɗe a ƙasa. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi. Matan nan su ne 'yan adawar da kake cewa halaka ne?

Ɗan Agadas: Hajiya ba NATO bace tayi ruwan bama-bamai? Faransa da Ingila da Amurka man fetur suke so ba wani Abu Salim ba.

Maman Biyu: Ni ma ban wanke su ba, an basu izinin kare fararen hula suka zarce da kifar da gwamnati suka tafi suka bar ƙasa a wargaje. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara 42 mutum ɗaya, tun 1972 yayi dokar haramta jam'iyya, wanda ya kafa hukuncinsa kisa, soja ma ya raunana shi da gangan ya ba 'ya'yansa runduna. Ranar da ya faɗi babu jam'iyya babu majalisa ta gaskiya babu kowa da ya taɓa koyon riƙe ƙasa, toh wa zai karɓa in ba masu bindiga ba?

Malam: Assalamu alaikum. Ku yi a hankali. Malamai magabata sun tsawatar sosai kan fito-na-fito da shugaba saboda jinin da ke zuba, har ana cewa shekara sittin ƙarƙashin azzalumin shugaba ta fi dare ɗaya ba shugaba. Siriya ta ishe mu aya, an yi sama da shekara goma ana yaƙi, miliyoyi sun yi hijira.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, da girmamawa, maganar ɗaukar makami daban, faɗin gaskiya daban. Ku kuka karantar da mu hadisin cewa mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban shugaba azzalumi. Kuma a garin Dar'a na Siriya 2011 zamanin Bashar Assad yara ne suka yi rubutu a bango aka kama su aka azabtar, iyaye suka fito neman 'ya'yansu aka buɗe musu wuta. Ubansa Hafiz ma haka yayi wa Hama 1982, dubbai suka mutu. Abinda ke ci min rai duk sanda aka kawo maganar fitina talakan da yayi magana ake nunawa da yatsa, wanda ya ba da umarnin harbi ba a kiran nashi fitina.

Malam: Zalunci haram ne ko daga wa ya fito, wannan ba saɓani. Nasiha ga shugaba wajibi ce. Tsorona abinda ke biyo bayan titi.

Ɗan Mai Wurno: Bari in sa baki tunda mu abin a gidanmu yake. Mu Hausawan Sudan mun ga Bashir daga 1989 da ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sadiƙul Mahdi har 2019, shekara 30, da sunan Musulunci ya zo, Turabi da ya ɗaure masa gindi ma daga baya ya sha ɗauri a hannunsa. Ku tambayi kanku wa ya ƙirƙiri RSF, rundunar da ta shiga yaƙi da sojan Sudan? Bashir ne, 2013, ya tattaro mayaƙan sa-kai na Janjawid ɗin da yayi amfani dasu a Darfur ya mai dasu runduna ya ba Hemeti, don in soja sun juya masa baya yana da wasu. Masu zanga-zangar da suka fara a Atbara Disambar 2018 kan tsadar burodi ko sanda basu riƙe ba, aka kashe sama da ɗari a zaman dirshan na Khartum 3 ga Yuni 2019, sannan shugaban soja Burhan da Hemeti suka haɗa kai suka ture firaminista farar hula Hamdok a Oktoban 2021, daga baya suka juya kan juna 15 ga Afrilu 2023. Yaƙin da ya raba 'yan uwana da gidajensu janar biyu ne na Bashir suke yinsa, ba ɗalibai da likitoci ba.

Ɗan Agadas: Allah ya kawo muku sauƙi ɗan uwa. Amma Tunusiya fa? su da akace sun ci nasara, ba gashi Kais Saied ya rufe majalisa 2021 ba mutane na tafi a titi, jagoran adawa Ghannouchi yana gidan yari tun 2023. Talaka abinci yake so ba ƙuri'a ba.

Ɗalibi: 'Yan siyasar Tunusiya sun gaza kan tattalin arziki wannan gaskiya ne, shekara goma suna rigima matasa ba aiki. Amma ba addini bane ko jini. Indunusiya tafi kowa yawan Musulmi, Suharto ya sauka 1998 har yau zaɓe suke. Senegal 2024 Diomaye Faye daga gidan yari ya fito kwana goma kafin zaɓe ya ci, aka miƙa masa mulki.

Maman Biyu: Kuma Yaya zancen daɗin da baƙar fata suka ji zamanin Gaddafi, ka tambayi waɗanda suke can shekarar 2000 abinda akayi a Zawiya, an kashe mutane aka kwaso dubban 'yan Najeriya da Gana aka dawo dasu.

Ɗan Agadas: Wannan ya faru, na san waɗanda aka dawo dasu. Amma ni har yanzu in ka ce in zaɓa tsakanin Libiyar 2010 da ta yau ta 2010 zan ɗauka.

Ɗan Mai Wurno: Ni ma da za'a dawo min da Khartum ta 2010 zan karɓa da gudu. Amma a 2010 ɗin ana kiwon Janjawid a Darfur mu muna ganin lafiya muke. Malam don Allah ku amsa min, in an hana mutum jam'iyya an hana shi jarida an kafa masa ɗan leƙen asiri a masallaci, nasihar nan ta wace ƙofa zai kaita?