Fitilun ƙari da hon a kan mashin: wace waya ke shiga wace ƙafar rile?

Ɗan Gumel:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mashin ɗina mai cc 150 ne, ina jigilar kaya da shi tsakanin Gumel da Maigatari, kuma sau da yawa dare kan yi mini a hanya. Fitilar da ya zo da ita ba ta nuna rami sai ka kusa faɗawa, shi ya sa na sayo ƙananan fitilun LED guda biyu, kowace an rubuta wat 18 a kwalinta, da hon irin na mota mai baki biyu, da cajar waya. Wani mai gyara ya jona mini su duka a wayar da ke fitowa daga makulli, ya naɗe da baƙin salatif. Yanzu in na danna hon sai fitilun su dushe, hon ɗin ya yi kuka a shaƙe, maɓallinsa ma har ya fara ɗumi yana warin roba. An ce mini rile zan sa. Na sayo mai ƙafa huɗu, akwai lambobi 30, 85, 86 da 87 a gindinsa. Wace waya ke zuwa ina? Guda ɗaya ya wadatar?

Baba Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam. Yaro, kafin komai ka cire wannan hon ɗin daga layin makulli yau ɗin nan. Warin robar da kake ji waya ce take dahuwa a cikin rigarta, kuma tankin mai na saman wurin.

Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa. A cikinsa akwai kwayil tsakanin 85 da 86. In wuta ta ratsa kwayil ɗin sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa 30 da 87, ka ji ƙas. Kwayil ɗin ba ya cin ko rabin amfiya, amma hanyar 30 zuwa 87 tana ɗaukar amfiya 30 ko 40, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Kamar maigadi ne: maɓallinka umarni kawai yake ba shi, shi ke buɗe wa babbar mota ƙofa. Mashin ɗinka ma in yana da sitata, da irin wannan dabarar yake tashi.

Ka sayi na biyu, don hon nasa daban. Na hon shi ne mafi sauƙi. Wayoyi biyun da ke shiga tsohon hon, zare su ka sa ɗaya a 85 ɗaya a 86. Jawo sabuwar waya daga kan batir mai alamar +, ta bi ta fis na amfiya 15, ta shiga 30. Daga 87 ka kai wa sababbin hon ɗin, ɗaya ƙafar tasu kuma ta tafi at, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta ƙarfen mashin, a jikin firam. Wurin da za ka ɗaure at ɗin ka kankare fenti sai ƙarfe ya fito fari.

Na fitilu: 30 daga batir ta fis na 7.5, 87 zuwa fitilun, 85 zuwa at, 86 kuma daga wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, ta bi ta ɗan makunnin da za ka ɗaura a hannun mashin. Lissafin ba wuya, wat 36 ka raba da bolt 12, amfiya 3 ke nan. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa duka biyun.

Fis ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙin hannu ɗaya. Waya yake karewa. In ka kai shi can gaba kusa da fitila, duk tsawon da ke bayansa a buɗe yake, ranar da firam ya goge rigar wayar sai hayaƙi.

Sarkin Hanya:

Baba, da girmanka, ni ban ga amfanin rile a kan fitilar amfiya 3 ba. Makunni mai kyau zai ɗauke ta kai tsaye daga batir. Na hon kam na yarda.

Baba Mai Wayarin:

Zai ɗauka, ban musa ba. To amma ranar da ya manta bai kashe ba fa, ko yara suka latsa a ƙofar gida? Batir ɗin irin waɗannan mashina bai cika wuce 5Ah ba, wato amfiya 5 na tsawon awa ɗaya. Amfiya 3 ba za ta kai awa biyu ba ta tsotse shi tas, kuma tun kafin nan sitata ta daina juyawa. Da rile, yana zare makulli komai ya mutu. Kuɗin rile nawa ne, na batir nawa ne?

Injiniya Damagaram:

Abin da Baba ya faɗa daidai ne, sai dai akwai inda nake jin tsoro. Rile ba ya ƙara wuta ko ɗigo, hanya kawai yake gyara mata. Abin da kwayil ɗin inji ke haifarwa shi ke nan, kuma a ƙananan mashina ba shi da yawa. Ɗan'uwa, ka ari mitar gwada wuta ka ɗora a kan batir. Inji a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen 12.6. Tayar da mashin, kunna duk fitilun, ka ɗan ba shi wuta. In ka ga 13.5 zuwa 14.5, kana lafiya. In ya tsaya a 12 da ɗoriya yana sauka, to batir kake ci, kuma wata rana sai kik. A silo kam kusan dole ya sauka, don haka in ka tsaya hira a bakin kasuwa ka kashe su.

Sannan kada ka ɗauko wutar 86 daga wayar fitilar gaba sai ka duba. Mashina da yawa fitilarsu AC take sha kai tsaye daga inji, wato wuta mai kai-komo, ba irin ta batir ba. Alamarsa, ba ta kamawa sai inji ya tashi, kuma haskenta na ƙaruwa in ka murɗa totur. In ka ba rile irin wannan wutar zai riƙa ɓari yana zzz.

Ɗan Gumel:

Allah ya saka da alheri, Baba da Injiniya. Tawa fitilar haka take, sai inji ya tashi. To yaya zan gane wayar makullin a cikin wannan tarin? Cajar wayar kuma ina zan kai ta?

Injiniya Damagaram:

A tsarin Honda baƙa ce, at ɗinsu kuma kore. A Yamaha ruwan ƙasa ce, a Suzuki ruwan lemo. Amma tunda an riga an taɓa wayarin ɗinka, kada ka dogara da launi. Sa baƙin tsinken mita a firam, ja a wayar da kake zato. Makulli a kashe sifili, a kunne bolt 12 tun inji bai tashi ba, ita ce. Wayar da ke kai wuta makunnin birki galibi tana nan kusa, a gwada ta.

Caja tana shan 'yar wuta ko ba a jona waya ba, shi ya sa ba a barin ta a kan batir kai tsaye. Wutarta ba ta wuce amfiya ɗaya ko biyu ba, ka ba ta daga wayar makullin nan da nata fis na 3. In ka haɗa ta da 87 na fitilu, ba za ka yi caji ba sai fitila na kunne.

Baba Mai Wayarin:

Ka duba zanen da ke jikin rile ɗin ma. In akwai ɗan diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, a tsakanin 85 da 86, dole wuta ta shiga ta 86, at ta 85, in ka juya fis zai tashi ko diyod ɗin ya ƙone. Ka ɗaure shi a ƙarƙashin sit ƙafafunsa na kallon ƙasa saboda ruwan wanki da na damina, ka sa kawunan waya na maƙalawa maimakon murɗawa da salatif, kuma ka cire wayar kan batir mai alamar – kafin ka fara aikin.