Tambari ko hatimi? Neman sunan Hausa ga alamar biranen Fotugal

Jama'a, ina neman taimako. Ina rubutu kan tutar birnin Lisbon, sai na cije a kalma ɗaya. Tuta dai tuta ce. Amma zanen da ke tsakiyarta, wanda mutanen Fotugal ke kira brasão, me za mu kira shi?

Bari in nuna muku abin. Tutar baƙi da fari ce, an raba ta gida takwas. A tsakiya akwai garkuwa, cikinta jirgin ruwa, hankaka ɗaya a goshin jirgin, ɗaya a bayansa, suna fuskantar juna. Labarinsu ya ce hankakin nan ne suka raka gawar waliyyinsu Vincent lokacin da sarki Afonso Henriques ya sa aka kawo ta Lisbon a 1173. Bisa garkuwar kuma kambi ne mai siffar ganuwa, da hasumiyoyi biyar.

Kambin nan ya fi komai burge ni, domin matsayi yake faɗa: hasumiya biyar ta birni ce, huɗu ta gari, uku ta ƙaramar gunduma. Sauran birane nasu na azurfa ne, na Lisbon na zinariya saboda ita ce babban birni. Shi kam na yanke masa suna: kambin ganuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin ganuwar Kano ko ta Zazzau zai gane.

Wani dattijo ya ce mini: “Ɗana, ai hatimi ne.” Baba, na ji, amma dokarsu ta 1991 ta ware abubuwa uku: tuta, brasão, da selo. Wannan selo shi ake bugawa a takarda, shi ne hatimi. In muka ba brasão sunan, me ya rage wa na takardar?

Wata ’yar'uwa ta ce garkuwa. Garkuwa ɓangare ce kawai, ta bar kambin da rubutun da ke ƙasan garkuwar a waje.

Ni tambari nake so. Na san yanzu har kamfanin sabulu na da “tambari”, kuma abin yana damuna. Sai dai asalinsa gangar sarauta ce, ba a kaɗa wa kowa ita sai sarki, kuma tuni muke cewa tambarin Najeriya. Don haka: tambarin gari. Tambarin birnin Lisbon, tambarin birnin Porto.

Malamanmu na Nijar, ku da kuke jin armoiries a Faransanci, me kuke cewa a Damagaram da Maraɗi?